Bakin dukushi ba na ingarma ba ne

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aiki a wata barga da ke wajen Yelwa a Bauchi, maigida ya sayo wani dukushi bikili ɗan shekara uku da rabi. Ya ce wannan ba na sukuwa ba ne, ba kuma na hawan Sallah ba. So yake a yi masa horon da Turawa ke kira diresaj, wanda doki ke taku a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, alƙalai na zaune suna ba da maki a kan takunsa da natsuwarsa da yadda yake bin hannun mahayi. Tun 1912 ake yin wasan a gasar Olamfik. Mu kuwa folo muka sani, da sukuwa, da jafi a ƙofar fada.

Ranar farko ban yi wata-wata ba, na ɗauko linzamin da na saba gani rataye a ƙusa, ƙirar maƙeranmu, mai harshen ƙarfe da ke tashi ya daki ganɗa da zoben da ke kama haɓa. Ba na raina wannan linzami. Don aikinsa aka ƙera shi: ingarma ya sheƙo a guje, ka tsayar da shi cak a gaban Sarki da ɗan yatsa biyu. Amma da na sa wa dukushin, ko zagaye uku ba mu yi ba ya fara wurgi da kai, baki a wangame, kumfar bakinsa da jirwayen ja.

Baba, tsohon da ke kula da bargar, ya taso daga kan buhun dusa ya zare shi ba tare da ya dube ni ba.

“Kai yaro, ba ka taɓa jin an ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ba? Kawo hannunka nan.”

Ya kama yatsana ya cusa a giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, wurin da linzami ke kwanciya. Babu komai a nan sai siririn dasashi a kan ƙashi. Da ya ɗan tura yatsan sama, na ji wani ɗan haƙori kamar ƙwayar masara a gaban turmin farko. Shi ƙarfen ke bugu duk sanda na ja. Ashe kuma doki yana famfara tun daga shekara biyu da rabi, bakinsa ba ya cika sai wajen shekara biyar. Wato mai ciwon haƙori na ɗura wa ƙarfe, ina kuma cewa taurin kai gare shi. Likitan dabbobi ya zo ya cire haƙorin, ya goge kaifin turamen, muka yi mako biyu da ragama kawai.

A wannan hutun na karanta dokokin FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya da ke Lozan a Suwizalan. A gasar ƙananan dawaki linzami mai sauƙi ake farawa da shi, marar dogayen hannuwan da ke ninka ƙarfin ja. Mai ƙarfe biyu sai doki ya yi nisa a horo. Kuma idan alƙali ya ga jini a bakin doki, an fitar da kai ke nan. Da a can nake, da tun zagaye na uku an kaɗa mini ƙararrawa.

Sai na sake yin wata wautar, wannan karon da kuɗin maigida. Na sa aka aiko mana da mafi kaurin da na gani a intanet, a zatona kauri shi ne taushi. Faɗinsa santimita 14 da rabi, irin na manyan dawakin Jamus. Dawakinmu ƙananan baki gare su. Ƙarfen ya cika masa baki har harshe ya rasa wurin zama, ya riƙa ɗora shi bisa linzamin, ga shi yana zamewa hagu da dama. Baba ya yi dariya har da tari, ya karyo kara ya gitta a bakin dokin, ya yi alama da farce a gefen kowane leɓe. Muka auna: santimita 12.

Wanda muka tsaya a kansa ya ɗara haka da kaɗan, kaurinsa milimita 14, gaɓa biyu gare shi da ɗan dunƙule a tsakiya kamar ƙwallon dabino. Mai gaɓa ɗaya idan ka ja yakan naɗe ya matse harshe, tsininsa ya nufi ganɗa. Wannan kuwa kwanciya yake a kan harshe. Zobban gefe ma sai da muka canza. Masu juyawa sun taɓa cizon sa a gefen leɓe, muka koma masu siffar ƙwai da ke zaune daram. Baba ya ce ba don dokin kaɗai ya zaɓe su ba, har da ni, tunda hannuna rawa yake kamar mai tankaɗe. Abin ya yi mini zafi. Wata guda ya sa ni taku da kofin ruwa a kowane hannu, daga barga zuwa rijiya.

Wata safiya da sanyin hunturu, bayan na ɗumama ƙarfen a tafin hannuna, dukushin ya sunkuyo ya karɓa da kansa. Muna cikin sassarfa na ji wani ɗan nauyi mai laushi a yatsuna, yana tauna a hankali, farar kumfa a leɓensa, kunnuwa a sake. Maigida na jingine da mota ya tambayi Baba me aka canza.

“Ranka ya daɗe, ƙarfe kaɗan, yaro da yawa.”

Tsohon linzamin yana nan a ƙusarsa. Da Sallah Babba na sauko da shi, na goge tsatsar da toka, na sa wa akawal ɗin maigida muka nufi fada.