Ƙidayar da Truelove ya koya mini a ɗakin masu ciwon hanji

Sidney Truelove likitan Ingila ne, an haife shi a 1913, ya rasu a 2002. Mafi yawan aikinsa a Oksfod ya yi shi, yana bin diddigin gyambon babban hanji, cutar da ke sa mutum zawo da jini da majina wata da watanni, ta lafa, ta sake tasowa. A ajinmu na koyon aikin likita nan Damagaram, sunansa layi guda ne cikin darasi, a haddace a wuce. Darajarsa ba ta fito mini ba sai da na soma kwanan gadi a ɗakin marasa lafiya.

A 1955 shi da Leslie Witts suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutum sama da 200. Wasu an ba su kotizon, maganin da ke rage kumburi, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta, aka kwatanta. Masu kotizon suka fi samun sauƙi, daga nan hanyar jinyar cutar ta sauya. Amma ni abin da ya fi yi mini amfani shi ne ma'aunin da suka tsara don rarrabe mai tsanani da mai sauƙi: zawo da jini sau 6 ko fiye a rana, haɗe da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90 a minti, ko ƙarancin jini, ko wani gwajin jini mai nuna kumburi. Har yau manyan asibitocin Turai suna aiki da shi. Mafi yawansu ana iya aunawa da agogon hannu da ma'aunin zafin jiki, ko da wuta ta ɗauke.

Wahalar tana wurin lamba ta farko. Mutanenmu akwai kunya, ba a faɗin zancen bayan gida gatsau, balle gaban suruki ko ƴa. Ka ce wa dattijon da aka kawo daga Mirya, "Baba, sau nawa ka zaga yau?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Da dama, likita, sai godiya." To, da dama ba ta shiga takarda. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini dabara: a sallami ƴan rakiya tukuna, a rage murya, a bi da shi salla-salla. Daga asuba zuwa azahar sau nawa, daga la'asar zuwa lisha sau nawa, da dare cikin ya tashe shi ko ya bar shi ya yi barci. Idan lissafin ya rikice, mai jinya ya riƙa jefa ƙwallon dabino a gwangwani duk sanda aka ɗauki buta. Da safe sai mu ƙirga. Ƙwallo tara jiya, biyar yau, ka san inda aka dosa.

Sai dai wanda ya kwaso maganin Truelove ya sauke a nan ido rufe, zai yi ɓarna. A yankinmu, inda ruwan sha ke wuya, zawo da jini galibi atuni ne, na amiba ko na wasu ƙwayoyin cuta, wani lokaci tsargiya ta hanji. Kotizon yana danne garkuwar jiki. Ka ba mai amiba, hanjin na iya hujewa. Haka tarin fuka na hanji yake shigar burtu da ciwon Crohn, wani ciwon kumburin hanji na dabam, wanda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a Niyok a 1932. Shi ya sa malaminmu ba ya yarda a ambaci kotizon kafin bahaya ya je labo, an kuma binciki tarin fuka.

Matsalar tana da ɗaya fuskar. Akwai masu zuwa da takardun magani cike da leda, sun sha filajil, maganin amiba, har bakinsu ya yi ɗaci, sun sha jiƙe-jiƙen basir, shekara biyu jinin bai tsaya ba. Irin waɗannan su ya kamata a duba hanjinsu da na'ura mai kyamara, a tsinko ɗan nama a gwada. Da yawa kuɗin ke gagararsu, su koma gida.

A 1977 Truelove da ɗalibinsa Azad Khan, mutumin Bangaladesh, suka nuna wane rabi na tsohon maganin salfasalazin ne ke warkar da hanji, kuma daga nan aka samo maganin mesalazin. An ce cutar gyambon babban hanji ba ta da yawa a Afirka. Ƙila haka ne, ƙila kuma tana ɓuya cikin masu atuni. Mu ƴan ajinmu mun buɗe rajista ta dabam: duk wanda zawon jininsa ya wuce mako 6 bayan maganin amiba, muna rubuta shekarunsa, garinsu, ƙidayar zagayensa, da lambar wayar da za a same shi bayan wata uku.