Gwajin HbA1c: lambar da ke ba da labarin wata uku, da inda take ruɗin likita

Mai ciwon suga zai iya kame bakinsa kwana biyu kafin ranar asibiti, na'urar yatsa ta nuna lamba mai kyau, ya koma gida da murna. HbA1c ba ya cin wannan wayon. Sugan da ke yawo cikin jini yana manne wa sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ba ya kuma sakinsa sai ƙwayar ta mutu. Tunda ƙwayar kan rayu kusan kwana 120, kason himogulobin da suga ya manne masa, wato HbA1c, yana nuna yadda jinin ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ba sai an yi azumi ba, jini kaɗan ake ɗiba a kwalba mai murfi shuɗi-ja.

Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, ya lura da yawan HbA1c a jinin masu suga a 1968. Amma abin da ya ba shi daraja shi ne binciken DCCT na 1993 da UKPDS na Ingila a 1998, waɗanda suka nuna cewa sauko da lambar na rage lalacewar ido, ƙoda da jijiyoyi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 cikin ɗari a matsayin iyakar tabbatar da cutar. Yawancin manya da ke shan magani ana so su tsaya ƙasa da 7, wato matsakaicin suga kimanin 154 mg/dL.

Sai dai lambar ba ita ce mara lafiyar ba. A binciken ACCORD an matsa wa wasu masu suga da magani don a kai su ƙasa da 6, aka dakatar da wannan ɓangaren a 2008 saboda mace-mace sun ƙaru. Tsohon da ke zaune shi kaɗai, faɗuwar suga ta fi lamba 7.5 yi masa barazana.

Babbar matsalar a ƙasar Hausa tana cikin jinin ne. Duk lissafin ya rataya ne a kan kwana 120 ɗin nan. Mai sikila, wato SS, ƙwayoyinsa kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma ba shi da himogulobin A ɗin da ake aunawa, don haka gwajin ba shi da amfani gare shi. Mai AS ko AC kuwa, ya danganta da na'urar ɗakin gwajin: wasu na ba da sakamako daidai, wasu na kauce wa, shi ya sa ya kamata a faɗa wa ma'aikacin ɗakin gwaji ko jinin AS ne ko AC tun farko. Zubar jini, ƙarin jini na kwanan nan da zazzaɓin cizon sauro mai fasa ƙwayoyi na sauko da lambar ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya yi yawa a mata, yakan ɗaga ta. Ga mai juna biyu ma ba da shi ake gano sugan ciki ba.

Idan sakamakon ya saɓa wa abin da na'urar yatsa ke nunawa, a koma ga auna sugan kai tsaye: na azumin awa 8, inda 126 mg/dL ko fiye ke nuna cuta, ko a sha giram 75 na gulukos a auna bayan awa 2, inda 200 ko fiye ke nuna cuta. Akwai kuma gwajin furuktosamin, mai duba mako biyu zuwa uku, wanda bai dogara da tsawon ran jajayen ƙwayoyi ba.