Mako na shida da yaran Agege: mun daina zagayen fili

'Yan uwa masu koyon horar da yara ƙwallon ƙafa, ga inda muka kwana. Yarana 18 ne, 'yan shekara 14 zuwa 16, muna atisaye a filin wata makaranta nan Agege, Legas. Ciwonmu ɗaya: su fara wasa da wuta, da an dawo hutun rabin lokaci sai hannu a ƙugu, ana ta haki.

Da fari abin da aka yi mana muna yara na yi musu, zagaye goma kowa ya bi sahu. Mako biyu ban ga canji ba. Sassarfa daban, gudun ƙwallo daban.

Yanzu ranar Talata gudu mai ƙarfi muke yi na minti 4, a sassauta na minti 3, har sau huɗu. Ana so zuciya ta kai kashi 90 cikin ɗari na iyakar bugunta. Ba mu da agogon awo, sai in busa usur, kowa ya ɗora yatsu biyu a wuya ya ƙirga na daƙiƙa 15. Lissafin nan na cire shekaru daga 220 kintace ne, amma ya ba ɗan shekara 15 kusan 205, wato in ya ƙirga 46 a daƙiƙa 15 ya kai kashi 90 ɗin, ya yi aiki. Wanda ya ce min 30 kuma yana dariya, na san yawo ya yi.

Alhamis kuwa wasan ƙwallo ne, 'yan wasa huɗu-huɗu, a ɗan ƙaramin fili, robobin ruwa ne iyakarmu. Nan na fi ganin amfani, don ba su ma san suna wahala ba. Sai dai ka jibge ƙwallaye a gefe kada wasa ya tsaya, kuma ka ba kowa mutuminsa, in ba haka ba malalaci zai laɓe kusa da raga.

Kuskurena na Asabar ɗin da ta wuce: na fitar da su gudu kan kwalta da hantsi. Uku suka dawo da ciwon ƙwauri, ɗaya ya yi amai. Zafin Legas mai laima ne, gumi ba ya bushewa balle jiki ya huce. Mun koma ƙarfe shida da rabi na safe, ruwa duk bayan kwata.

A mako na takwas zan maimaita gwajin Yo-Yo na Jens Bangsbo ɗan Denmark, mai auna juriyar gudu: mita 20 tafiya da dawowa ana bin ƙarar da ke ba da lokaci, hutun daƙiƙa 10. Wancan karon ƙarar wayata ba ta kai ƙarshen layi ba, dole in aro sifika.