Yini Guda a Fayyum, Inda Ruwa Ke Ɗaga Kansa

A shekarun da nake karatu a Jami'ar Azhar, zirga-zirgata ba ta wuce tsakanin masaukin ɗalibai na Madinatul Bu'us da aji da zaurukan malamai ba, har ya kasance abin da na sani game da Masar shi ne cunkoson Alƙahira da hayaƙin motocinta. Da aka ba da hutun tsakiyar shekara, sanyi na tsakiyar kaɗawa, sai wasu 'yan uwa ɗalibai suka yi karo-karo aka ɗauki shatar ƙaramar bas zuwa Fayyum, lardin da ke kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin Alƙahira, ni ma na sa kuɗina.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka wuce dalar Giza tun gari bai gama wayewa ba, sannan muka miƙa hanyar hamada, inda babu abin kallo sai rairayi da tsakuwa. Da muka kai Kom Aushim hanya ta fara gangarawa, sai ga gonaki kore shar sun bayyana a lokaci guda, iyakarsu da hamada a yanke take, ta yadda mutum zai iya sa ƙafa ɗaya a kan yashi, ɗaya a cikin alkama.

Fayyum babban kwari ne a cikin hamadar yamma, kuma kogin Nilu ba ya ratsa shi. Ruwan da ke raya shi yana zuwa ne ta Bahar Yusuf, wani reshe da ke tasowa daga Dairut a lardin Asyut, ya bi gefen hamada ya shigo ta wata kafa a Lahun. Mutanen wurin suna danganta haƙa shi ga Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, masana tarihi kuma suna ambaton aikin da fir'aunonin daula ta 12 ta tsohuwar Masar suka yi a kansa, musamman Amenemhat na Uku, wanda dalarsa ta tubalin laka ke tsaye a Hawara tun kimanin shekara 3,800.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne na'urar ɗaga ruwa da suke kira saƙiya. Wata ƙatuwar ƙafa ce ta katako, baƙa ƙirin saboda kwaltar da ake shafa mata don kada ta ruɓe, tsayinta ya ninka na mutum fiye da sau biyu. Ruwan da ke gangarowa yana tura fukafukanta ta juya, aljifan da ke gefenta su cika a ƙasa, su hau sama suna tsiyaya, su juye a wani kwararo da ke kai ruwan gonar da ta fi rafin tudu. Ba sa, ba inji, ba fetur, sai kukan katako da ba ya yankewa dare da rana. Akwai irinsu kimanin 200 a lardin, kuma tun zamanin mulkin Girkawa ake amfani da su. Duk wanda ya taɓa jan jigo a fadama, ko ya ga yadda kuɗin man injin ban-ruwa ke cinye ribar mai noman rani a gida, zai fahimci dalilin da ya sa na daɗe a tsaye, har sai da abokan tafiya suka fara kirana.

A nan ne wani dattijo mai fartanya a kafaɗa, wanda ya fito daga gonar ciyawar barsim da suke yanka wa baunar gida, ya yi mana sallama, da ya ji daga Azhar muke kuwa ya ƙi bari mu wuce sai mun sha shayi. "Ya Shehu," in ji shi, "a nan ruwa da agogo ake raba shi." Ya bayyana cewa kowane manomi yana da lokacinsa a cikin mako gwargwadon girman gonarsa, kuma idan layinsa ya faɗo da tsakar dare, to da tsakar daren zai fito da fitila. Ya ƙara da cewa na ƙarshen rafi kullum suna ƙorafin na sama sun shanye, wanda a ganina ba sabon zance ba ne a duk inda ake ban-ruwa.

Ruwan da ya gama aiki a gonaki yana tsiyaya zuwa tafkin Ƙaruna, wanda samansa ke fiye da mita 40 ƙasa da matakin teku. Da yake ba shi da mafita sai tururi, gishiri ya taru a cikinsa har kifin da aka ɗebo daga teku ne ke rayuwa a ciki. Daga nesa yana da kyau ƙwarai, amma a bakinsa hanci ba ya jin daɗin abin da ido ke gani. Mun ci abincin rana a ƙauyen Tunis da ke kan tudu yana kallon tafkin, fatir, wani irin burodi mai ninki-ninki, da zuma da cuku mai gishiri, sannan muka leƙa rumfunan magina tukwane, sana'ar da wata 'yar Switzalan mai suna Evelyne Porret ta koya wa yaran ƙauyen har ta zama abin da aka san shi da ita.

Zangon ƙarshe shi ne Wadi Rayyan, inda yawancin 'yan bas ɗinmu suka ƙosa a kai saboda magangarar ruwa. Tafkunan biyu na wurin ba na asali ba ne, domin a 1973 aka karkato rarar ruwan gonaki zuwa wannan kwari don kada Ƙaruna ya cika ya mamaye gonaki, magangarar kuma ita ce inda na sama ke zuba cikin na ƙasa. Tsayinta 'yan mitoci ne kawai, ga samari da ganguna, ga masu hoto, ga mai sayar da masara gasasshiya, kowa ya naɗe wando ya shiga. Ni dai ban ga ta kai rabin saƙiya ban sha'awa ba, kuma da na faɗi haka sai da aka yi mini ca. Direbanmu, wanda ya daɗe yana kawo mutane wurin, ya nuna mana inda bakin tafkin ƙasa yake a da, ya ce ruwan da ke isowa ya ragu tun da aka fara ɗibarsa a hanya ana shayar da sababbin gonaki.

Mun so ƙarasawa Wadi Hitan, inda ƙasusuwan manyan dabbobin teku na shekara miliyan 40 ke kwance a cikin yashi, wurin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 2005, amma direban ya ce rana ta yi ƙasa kuma bas ɗinsa ba ta hanyar ba ce. Muka yi la'asar a kan rairayi, muka kamo hanyar Alƙahira.