Yanka tara a ƙasan kwalba

Laraba, goma saura na dare.

Yau na yi asarar yanka tara cikin goma sha biyu, kuma har yanzu raina bai koma daidai ba. Ƙodar ɓera ce, daga gwajin da muka shafe makonni muna ɗawainiya da shi. Ranar Juma'a na yanka su a kirayostat, injin nan mai sanyi da ke fitar da daskararren nama sala-sala. Na sa shi digiri 20 ƙasa da sifili, kauri maikiromita 10, wato gashin kai ya ninka shi sau biyar ko fiye. Sun fito sumul, ba yagewa, na ɗauke su a kan gilashi na jera a kwali, na kai firizar da ke digiri 80 ƙasa da sifili.

Yau da safe ina sauri, don ina so antibodi na farko, furotin ɗin da ke manne wa abin da muke nema a nama don rini ya nuna shi a madubin likita, ya kwana a kansu. Na ɗauko kwalin, na buɗe nan take, na tsoma gilasan na minti goma a kwalbar farafomaldihaid kashi 4 cikin ɗari, sinadarin da ke kafe nama yadda yake. Wanki na farko da PBS, ruwan gishirin da muke ɗauraye nama da shi, lafiya lau. A na biyu na ga gefen wani yanki ya ɗan ɗago, yana kaɗawa duk sanda ruwan ya motsa. Da na kai ga Triton X-100, sabulun da ke huda fatar ƙwayar halitta don rini ya shiga, sai suka fara ɓamɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina kallo, yanki ya saki gilashi, ya nannaɗe kamar saɓar maciji, ya gangara ƙasan kwalba. Na gwada tallafo ɗaya da buroshi, ya narke a kan gashin.

Triton na fara ɗora wa laifi. Da wannan maganar na je wurin dattijon da ke kula da ɗakin gwajin.

"Baba, ku zo ku gani, sabulun nan ya cinye min yankana."

Bai ko dubi kwalbar ba. Ya ce, "'Yata, da kika fito da kwalin daga firiza, minti nawa kika bar shi a rufe?"

Na yi shiru. Ya je ya ɗauko gilashin da ba komai a kansa daga firizar, ya ɗaga min shi saitin taga. Kafin in ƙirga biyar ya yi fari fat, sannan farin ya koma gumi. Ya ce wannan gumin ne ya shiga tsakanin naman da gilashin tun kafin in taɓa ko digo na rini. Ya kuma tambaye ni tsawon lokacin da na bar su suka sha iska ranar Juma'a. Minti goma ne, don ana shirin rufe ɗaki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, na san bayanin duka, ban dai haɗa shi da hannuna ba. OCT, ruwan nan mai kauri da muke daskarar da nama a ciki, ba gam ba ne, ruwa na taɓa shi yake narkewa ya tafi. Abin da ke riƙe yanki shi ne haɗuwar fuskarsa da fuskar gilashi kai tsaye. Shi ya sa ake yin gilashi mai caji na tabbatacce, don ya janyo nama, wanda akasarin cajinsa kishiyar wancan ne. Janyowar ba ta kamawa sai ruwan da ke tsakaninsu ya ƙafe sarai. In danshi ya maƙale a ƙarƙashi, ko yanki ya yi tamoji iska ta zauna a ciki, to ruwan wanki ya samu ƙofa. Triton ya tarar da ƙofar a buɗe ne kawai. Ga shi kuma gilasan da na yi amfani da su ragowar wani kwali ne da ya daɗe a buɗe, ƙura da yatsu sun sha taɓa su.

Ukun da suka tsira na lallaɓa su. Na daina tsomawa a kwalba, na kwantar da su a akwatin danshi, na zagaye kowane yanki da alƙalamin PAP don ruwa ya tsaya a da'ira. Kowane wanki daga gefe nake ɗiga shi da fifet, ɗan bututun ɗiga ruwa, in tsotse daga ɗaya gefen, ba a kan naman ba. Injin girgiza kuwa ban kunna shi ba sam. Wani abu na aikin nan da ke ba ni mamaki: kafin rini ana so yanki ya bushe ƙarau, amma da zarar an fara, ko na minti ɗaya bai kamata ya bushe ba, in ba haka ba rinin ya kama ko'ina, hoto ya lalace.

Allah ya taimaka akwai sauran dunƙulen ƙodar. Da la'asar na koma kan kirayostat da sabon kwalin gilashi. Na bar gilasan a ɗumin ɗaki, don yanki mai sanyi ya faɗo musu ya narke ya shimfiɗu da kansa. Duk wanda ya yamutse na watsar, ban tsaya jin tausayinsa ba. Baba ya nuna min yadda yake ɗora yatsa a bayan gilashi daidai inda yankin yake, ɗumin ya ƙarasa kwantar da shi. Ya ce a yanka mai kauri, irin na ƙwaƙwalwa da ke kai maikiromita 30, shi har yau ya fi yarda da gilashin da ya shafe da kansa: giram 5 na jelatin da rabin giram na kurom alam a lita ɗaya ta ruwa, a tsoma, a shanya ya kwana inda ƙura ba ta kai. Mun yi da shi zai koya min mako mai zuwa.

Sababbin goma sha biyun sun sha iska awa ɗaya cur. Na raba su gida biyu. Shida sun shiga firiza da ƙullin silika mai shanye danshi a cikin kwalin, kuma gobe sai kwalin ya yi rabin awa a rufe a kan benci kafin in ɗaga murfin. Sauran shidan na wuce da su rini kai tsaye, ko ɗaya bai ɗago ba har bayan Triton. Yanzu suna firij a digiri 4 tare da ukun safe, antibodi na kansu. Ƙarfe takwas zan fara wanki.