Abin da ya same ni bayan haihuwa, yau dai zan faɗa

Na jima ina juya maganar nan a raina, in rubuta in goge, saboda a gidanmu ko ciwon mara ba a faɗa a gaban mutane balle wannan. Amma jiya na nemi izinin maigida ya ce in rubuta, toh bismillah.

Ni haifaffiyar Garwa ta Kamaru ce, a nan aka yi min aure. A watan Janairun 2022 lokacin da Najeriya ta ci Masar 1-0 a filin Rumde Ajiya ina da ciki wata bakwai, ina tsakar gida ina ihu da ƙannena kamar ba mai ciki ba. Na faɗi wannan ne don ku san ni ba mai ƙunci ba ce, ni ce mai surutun gidan. A tsakiyar Maris na haifi ɗiyata ta fari lafiya lau, aka kai ni wankan gida.

Ran suna na sha lalle na sha leshi, duk hoton da aka ɗauka ina murmushi. Amma wallahi ina karɓar barka ne ina ji kamar wata ake yi wa ba ni ba. In aka miƙo min jaririyar in ba ta nono sai in ƙura mata ido ina jiran son nan da ake cewa yana sauko wa uwa, shiru, ba komai sai tsoro. Goggo ta tafasa ruwa da asuba ta jiƙa ganyen darbejiya tana fyaɗa min, ni kuma lokacin nake samun damar kuka don tururi ya rufe fuskata, ta ɗauka zafin ruwan ne. Kunun kanwa in kurɓa sau biyu in tura kofin ƙarƙashin gado. Ga zafin Garwa na Afrilu da ya wuce digiri 40, ga azumi ya kama kowa na fama da kansa, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, yarinya ta yi barci kowa ya yi barci ni idona biyu har kiran assalatu ina lissafin duk hanyoyin da zan iya kasa riƙe ta, har na fara gaya wa kaina da babu ni da ta fi samun uwa ta gari. Wannan tunanin shi ya fi komai ba ni tsoro kuma ba wanda na faɗa wa.

Da aka yi arba'in na koma ɗakina abin bai tafi ba sai ma ƙaruwa, nan fa kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce iska ce ta shafe ni a banɗaki da magariba, wasu suka ce baki ne, wata ta ce shagwaɓa ce kawai ta 'yan boko, Allah ya ba ki lafiyayyar ɗiya kina butulci. Wannan kalmar butulci ta daɗe tana cina. Na sha rubutu, an yi min ruƙiyya, an yi hayaki. Ba na raina ko ɗaya, karatun Alƙur'ani yana sanyaya min zuciya a lokacin kuma har gobe, sai dai da dare ya yi abin ya dawo. Kuma kun san mu a Kamaru da an ce kai ya taɓu sai a fara zolayar a kai ka Jamot, asibitin nan na Yawunde, shi ya sa ko kalmar likitan ƙwaƙwalwa ba na son ji. A tunanina mai taɓin hankali shi ne wanda ke yawo a kasuwa da tsumma, ni kuwa ina sallah ina girki.

Ranar da muka je lopital rigakafin yarinya ne Allah ya kawo mafita. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibitin, tana rubutu a karne ta ɗago ta dube ni ta ce da Fillanci, ke fa, kina barci? Tun da na haihu kowa tambayarsa ya mai jego ya jaririya, amsa kuma lafiya lau. Wannan tambayar ba ta da lafiya lau. Na fashe da kuka a gaban layi, ta ja ni wani ɗaki ta rufe ƙofa, ta bar ni na yi mai isata sannan ta haɗa ni da likita.

Shi ya fara ce min abin nan yana da suna, ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ya ce da mahaifa ta fita sinadaran da suka riƙe ciki suna faɗuwa lokaci ɗaya, ga rashin barci ga gajiya, mata da yawa suna yin 'yan kwanaki na kuka da ƙunci amma yana wucewa cikin sati biyu, in ya zarce haka to ciwo ne kamar hawan jini ko sukari. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna fama da ciwon damuwa. Na zauna ina lissafa matan layinmu, na ce ashe ba ni kaɗai ba ce, kowa ta rufe ɗakinta ne kawai.

An auna jinina aka ga ya yi ƙasa, aka ba ni na ƙarin jini, sannan ya rubuta ordonans na amitriptyline, maganin ciwon damuwa, in sha da dare, ya ce zan iya ci gaba da shayarwa. Gaskiya satin farko ban ji daɗinsa ba, bakina ya bushe ƙamas ga nauyin jiki da safe, na ce wa maigida ni na daina. Ya ce haba, likita ai ya ce sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, ki daure. Shi yake ɗauka ta a moto duk randebu, ya zauna a benci da yarinya a kafaɗa duk da abokansa na masa tsiya. Inna kuwa da farko ba ta yarda ba, cewa take maganin mahaukata za su sa miki, amma ita ce daga baya take kira da isha'i ta ce kin sha ƙwayar taki?

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Barci ya fara dawowa, sai cin abinci. Wata rana da hantsi ina yi wa ɗiyata wanka a roba ta buga ruwa da ƙafa ya fantsamo min a ido ta ƙyalƙyale, sai na ji ni ma ina dariya, irin ta cikin ciki. Tana wata biyar lokacin. Na rungume ta da kumfa da komai na jiƙa zanina sharkaf.

Ban bar magani da na ji sauƙi ba, likita ya ce a ƙara aƙalla wata shida don kar ya dawo, kuma a hankali ya rage min ba tashi ɗaya ba. Har yanzu akwai ranakun da nake tashi zuciya ba daɗi, bambancin yanzu na san alamun kuma ina faɗa.

Abin da ya sa na rubuta yau, satin da ya wuce na je barka a unguwar Yelwa, mai jegon ta sha kwalliya tana ta murmushi, na hango kofin kunu cike a ƙarƙashin gadonta. Na jira mata suka fita sallah na matsa kusa na ce ƙanwata, kina barci kuwa? Ta yi shiru ta kama hannuna ta riƙe gam. Jibi in sha Allah tare za mu je lopital, na riga na yi magana da mijinta.