Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a lalurar 'yata

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah yarinyar nan ta kammala zaman injin maganaɗisu da aka rubuta mata, na ce bari in fito in yi godiya tun ban sha'afa ba.

Masu tambaya wai me ke damunta, mafitsararta ce ke matsewa da kanta tun ba ta cika ba, sai fitsari ya taso mata lokaci ɗaya, ka ganta ta tsuguna a kan diddige tana matse ƙafa, kafin ta kai banɗaki ta jiƙe. A yini sai ta zaga fiye da sau 8. Wasu har cewa suke sangarta ce a zane ta, Allah ya yafe musu kawai.

Godiya ta farko ga likitarta, wallahi matar nan ba ta yi mana gaggawa ba. Sai da aka yi gwajin fitsari aka ga ba infekshan, aka yi sikanin, ta sa muka riƙa rubuta duk abin da ta sha da duk zuwanta banɗaki, aka magance taurin bayan gida dan ashe shi ma yana danne mafitsara, aka gwada wani maganin mafitsara mai suna oxybutynin ya riƙa busar mata da baki, sannan ne fa ta kawo maganar injin. Kuma ta faɗa mana gaskiya ba kowane yaro yake yi wa aiki ba, bincikensa a kan yara bai yi yawa ba tukuna.

Ni na zata allura ce ko shokin. Ashe zama kawai za ta yi da kayanta a jiki kamar minti 20, maganaɗisun na taɓa jijiyoyin ƙasan baya masu sarrafa mafitsara, injin na ƙas ƙas ƙas ita kuma tana dariya wai cakulkuli ake mata. Kafin a fara dai sai da suka tabbatar ba ƙarfe ko na'urar zuciya a jikinta.

Nas ɗin da ke riƙe mata hannu ranar farko, Allah ya biya ki. Malamar ajinsu da ta bar ta tana fita ba sai ta ɗaga hannu ba, kuma ta hana yara tsokanarta, ban san da bakin da zan gode miki ba. Abbanta, yayata, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri ya raya muku naku.

Yanzu wandon canji yana dawowa daga makaranta a ninke. Muna nan dai kan tsarin sa ta yin fitsari duk bayan awa 2 zuwa 3 har mu koma ganin likita, a ci gaba da sa mu a addu'a.